Kamfas ɗin Masu Nutso Ma Yana Ƙarya: Abin da Na Gani a Kogin Kwara

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ka sam mini fili a jaridarka in yi magana a kan wani ɗan ƙaramin abu da bai wuce agogon hannu girma ba, wanda ya kusa sa ni jin kunyar ƙanwata har abada.

Ni Basarke ne, haifaffen Yelwan Yauri. Mahaifina da koma da mali ya ci da mu, ni kuma Allah Ya kai ni Fatakwal ina saurayi, na shekara 14 ina aikin nutso da tukunyar iska a goye, muna duba gindin jiragen ruwa da ginshiƙan tashoshin jirage. Yanzu na dawo gida, gwiwa ta fara ƙara, sai dai in zauna bakin ruwa ina yi wa yara faɗa. Tun hatsarin jirgin Warrah na ranar 26 ga Mayun 2021, wanda ya taso daga Lokon Minna ɗauke da sama da mutum 150, jama'a suka farga cewa masu nutsonmu da numfashin ƙirjinsu kawai suke shiga ruwa neman bayin Allah. Daga nan masu hali da ƙungiyoyi suka fara kawo gudunmawar kayan nutso jefi-jefi: tukwanen iska, gilashin fuska, takalman roba masu faɗi, tocila, da kamfas na ɗaurawa a hannu, wato na'urar nan mai allura da ke nuna arewa. Allah Ya saka musu da alheri, ban zo raina kyauta ba. Abin da ya dame ni shi ne ana miƙa kayan a ɗauki hoto a tafi, ba wanda ya zauna da yaran ya gaya musu halin kowane ɗaya. Kamfas kuwa yana da hali, kuma halinsa ba kullum yake da kyau ba.

Ga yadda abin ya faru. A ƙarshen damina, lokacin farin ruwa, wani ɗan kasuwa da ke dakon shinkafa injin jirginsa mai ƙarfin doki 40 ya kwance ya faɗa ruwa, ba nisa sosai da gaɓa. Ga wanda ba ɗan ruwa ba, mu nan Kwara sau biyu take cika mana. Akwai farin ruwa na damina, wajen Agusta zuwa Oktoba, wanda ke zuwa da lakar gonaki, ya yi kauri kamar kunun tsamiya. Akwai kuma baƙin ruwa da ke isowa cikin hunturu, wanda ya taso tun daga tsaunukan Gini, ya zube lakarsa a fadamun Mali kafin ya ƙaraso. A farin ruwa, in ka nutsa gaba biyu ko tafin hannunka ba ka gani. To, a irin wannan ruwan injin ya faɗa. Mai jirgin ya yi dabara, ya ɗaura dutse da igiya da jarka ya jefa a inda yake zato, ya zo neman taimako.

Ɗan ƙanwata na cikin waɗanda suka samu sababbin kayan. Yaro ne mai ƙarfin zuciya, ya yi sakandare, yana karanta Turanci. Na tsara masa aikin da kaina: ya bi igiyar jarka ya sauka ƙasa, ya saita kamfas gabas, ya tafi kamar mita 20 yana laluben ƙasa, in bai taɓa komai ba ya juya yamma ya dawo kan igiya, sai mu canza wani ɓangaren. Aikin da ban ɗauke shi komai ba. Ya sauka. Muna cikin kwalekwale muna bin kumfar numfashinsa da ido, sai muka ga kumfar ta karkata kudu, da ya juyo ma maimakon ta dawo wajen jarka sai ta ƙara yin kudu. Ya ɓullo can nesa da mu yana waige-waige. Na ce ƙila jan ruwa ne, ya sake. Ya sake, haka. Karo na uku kumfar ta nufi wajen da muka san akwai kututturan itatuwan da ruwa ya cinye tun da aka tare Kwara a Kainji a 1968, inda tsofaffin tarun masunta suke maƙale kamar saƙar gizo. Minti kusan huɗu kumfar na fita wuri ɗaya ba ta motsi. Malam Edita, ban san lokacin da na fara salati da ƙarfi ba. Ashe taru ne ya kama masa kan tukunya, Allah Ya sa yana da wuƙa kuma bai ruɗe ba.

Da muka jawo shi cikin jirgi na hau shi da faɗa. Ya ce, "Wallahi Kawu, yadda ka ce haka na yi. Gabas na bi, yamma na dawo, idona bai bar kan allurar ba." Wani dattijo cikin masu tuƙi ya girgiza kai ya ce wurin ne ba ya son baƙon abu, mutanen ruwa ne ke juya yaron. Ban yi masa musu ba, don na girmi musu da dattawa a gaban yara, amma zuciyata ba ta kwanta ba.

Sai da muka fito kan yashi yana cire kaya na ga abin. Ya ɗaura kamfas a wuyan hannun hagu, ya kuma ɗaure tocilar a bayan wannan hannun da roba, tazarar da ba ta kai yatsa huɗu ba. Dalilinsa mai kyau ne: a cikin wannan duhun ba ya ganin lambobin sai ya haska. Na karɓi kamfas ɗin na ajiye a kan yashi, na bari ya natsu. Na ɗauko tocilar, a kashe ma, na matso da ita a hankali. Allurar ta bar arewa ta biyo ta kamar akuya ta ga dusa. Na maido ta daidai tazarar da take a hannunsa, na karanta: digiri 25 ta kauce. Irin tocilar nan ce da makunninta ke zamewa gaba da baya. Don kada ruwa ya shiga, ba su huda jikinta ba, sai suka sa mayen ƙarfe, wato maganaɗisu, a cikin makunnin, shi ke kunna ta ta cikin bango. Dabara ce mai kyau ga tocila, masifa ce ga kamfas.

Bari in ɗan tsaya a nan, domin nan ne mutane da yawa, har da waɗanda suka yi karatu, suke kuskure. Za ka ji an ce, ai ko kamfas ya kauce ba komai, tunda da shi ka tafi da shi za ka dawo, kuskuren tafiya zai goge na dawowa. Wannan gaskiya ne in kaucewar daga ƙasa take, wato ɗan bambancin da ke tsakanin arewar taswira da arewar da allura ke nunawa, wanda a yankinmu ƙanƙane ne ƙwarai, bai isa ya ɓatar da kowa a tafiyar mita 20 ba. Amma in abin da ke jan allurar a jikinka yake, to da kai yake juyawa. Ka fuskanci gabas ya ja ta gefe guda, ka juya yamma ya ja ta ɗaya gefen. Sakamakon haka, tafiya ta karkatar da kai kudu, dawowa ma ta ƙara karkatar da kai kudu, kuskuren ya ninka. A aikinmu muna da wani ɗan lissafi na ka: kaucewar digiri 1 tana ba ka kuskuren mita 1 a duk mita 60. To, digiri 25 a mita 20 ya haura mita 8 a tafiya, wani 8 a dawowa, ka ga yaro ya wuce igiyarsa da kusan mita 17 a ruwan da ba ya ganin hancinsa. Kuma duk wannan lokacin allura na nuna masa yana kan hanya. Abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Kamfas da ya mutu gaba ɗaya ya fi sauƙi, don ka san ya mutu.

Da na ga haka sai na tara duk yaran da suka samu kayan, muka yi yini guda a kan tsibirin yashi, nesa da rufin kwano da injinan jirage, muna gwada komai ɗaya bayan ɗaya. Wuƙa ta ja allura, duk da an rubuta mata ba ta tsatsa, domin ƙarfen da ake yin kaifin wuƙa da shi maye na kama shi. Wani maƙalin bututun numfashi da suke yabo saboda yana mannewa da kansa, ashe mayen ƙarfe ne zalla, ya fi tocilar ɓarna. Wayar hannu da wani ke sawa a jakar roba ya rataya a wuya ta ja, saboda sifikarta. Tukwanen iska kashi biyu ne: na alminiyon ba ruwansu da allura ko ka ɗora ta a kansu, na baƙin ƙarfe kuwa suna ja, kuma ɗaya daga cikinsu ta fi sauran ja nesa ba kusa ba. Da na bincika, a shagon mai walda ake ajiye ta, jingine da injinsa. Ɗaurin darma da muke ɗaurawa a ƙugu don nutsewa ba ya ja, amma wani da ya rasa darma ya cika bel ɗinsa da guntayen rodi da tsofaffin notocin mota, shi kam tafiya yake da tashar rikita kamfas a cikinsa.

Abin daɗin shi ne maganin ba ya cin ko kwabo. Ƙarfin maye yana raguwa da sauri sosai in an ja baya: ka ninka tazara, jansa ya ragu zuwa wajen kashi ɗaya cikin takwas. Tocilar da ta kautar da digiri 25 a yatsa huɗu, da muka mayar da ita ɗaya hannun muka miƙe shi, ko gezau allurar ba ta yi ba. Fuskar kamfas ɗin kuma irin mai shan haske ce. Ka haska ta na ɗan lokaci, ka janye tocilar can, za ta ci gaba da ƙyalli kore har ka karanta. Yaran ba su san da wannan ba, don takardar bayanin tana cikin kwalin da aka zubar ranar rabon kaya.

Akwai matsala ta biyu da ban taɓa jin wani ya ambata a nan ba, ni ma wani tsohon Bature da muka yi aiki tare a Fatakwal ne ya fahimtar da ni. Jan maganaɗisun duniya ba a kwance yake ko'ina ba. A ƙasashen Turai yana nutsawa ƙasa sosai, a Ingila ya haura digiri 60, don haka bakin allura na arewa yakan so ya sunkuya. Masu ƙera kamfas na kasuwar can sai su ƙara wa ɗaya bakin ɗan nauyi don ta zauna daidai. Mu kuwa layin da jan yake kwance sarai ya ratsa ta ƙasarmu, ba nisa da mu nan Yauri. Ka kawo kamfas da aka auna don Turai, wannan ɗan nauyin ya rasa abokin gardama, sai faifan da ke ɗauke da allurar ya zauna a karkace tun kafin ka shiga ruwa. A kan tudu, hannu a natse, zai iya juyawa lafiya. A ƙarƙashin ruwa kuwa, kana kwance rub da ciki, ruwa na tura ka, hannu na rawa, ɗan karkatar da ka ƙara sai gefen faifan ya taɓa murfi ya maƙale. Kana juyawa yana nan inda yake. Cikin guda shida da aka kawo mana, biyu haka suke. Kamfanonin kirki suna rubuta yankin da aka auna kowane kamfas dominsa, wasu kuma suna yin wanda ke aiki ko'ina a duniya. Na gwanjo da ake sayowa a Legas ko ta intanet kuwa, sa'a ce kawai. Gwajinsa: ka riƙe shi daidai, ka juya jikinka a hankali zagaye ɗaya, ka ga ko faifan na tafiya sumul ko yana tsayawa yana fizga. Sannan ka ɗan karkata hannu dama da hagu ka ga inda yake kamewa. Masu kyau suna jure karkata har wajen digiri 30, marasa kyau ko 10 ba sa kaiwa.

Sai zafi. Cikin kamfas mai ne, shi ke hana faifan rawa. Yaranmu sukan bar kaya a buɗe cikin jirgi a ranar Maris da Afrilu, lokacin da zafin Yauri ke haura digiri 40. Man ya kumbura ya matsa, ya sami kafa ya tsiyaye, da an shiga ruwa mai sanyi sai ka ga kumfa ta bayyana a ciki. Ƙaramar kumfa kamar ƙwayar gero ba ta hana aiki. In ta kai ƙwayar wake tana tura faifan gefe, a ajiye shi kawai.

Wani zai ce a sayo na zamani mai batir, irin wanda ke cikin agogon nutso. Muna da guda ɗaya, kuma shi ma ba waliyyi ba ne. Duk wanda ya taɓa neman alƙibla da wayarsa a ɗakin otal ya san zancen: wayar ta nuna maka bango, ka matsa kusa da taga ta nuna wani, ta ce ka kaɗa ta a iska kamar kana rubuta lamba 8. Na agogon nutso ma sai an saita shi haka, musamman bayan canza batir, kuma a fili, nesa da ƙarfe. Namu a cikin shagon kwano aka saita shi, kusa da janareta, ya haddace ƙarya ya riƙe. Alƙiblar ma ita na ba yaran a matsayin ma'auni, tunda kowa ya san ta. Daga Yauri tana wajen digiri 68 daga arewa, wato gabas da ɗan karkata hagu. Na ce kowa ya sami wuri a filin Idi ko wani buɗaɗɗen wuri da ya tabbatar da saitinsa, ya sa duk kayansa a jiki har tukunya, ya fuskanci gabas yadda yake salla ya karanta, sannan ya juya baya sarai ya sake karantawa. Tsakanin lambobin biyu dole a sami 180. In an sami 160 ko 200, akwai ɓarawo a jikinka, nemo shi kafin ka taɓa ruwa.

Ko an yi duk wannan, akwai inda kamfas ba shi da ta cewa. Kusa da ginshiƙin gada mai cike da rodi, ko bututun tashar ruwa, ko jirgin ƙarfe da ya nutse, allura sai ta yi ta yawo. Kuma ko a inda take da gaskiya, inda fuskarka ke kallo kawai take faɗa maka, ba ta san Kwara na ɗauke da kai a gicciye ba. A Fatakwal ma, da duk kayan aikinmu, in ruwa ya yi duhu igiya muke komawa. Iyayenmu da ba su taɓa ganin kamfas ba suna karanta ruwa da jiki: ta wane kunci yake bugunka, ƙasa na gangarawa ta ina, yashi ne ƙarƙashin tafinka ko taɓo. Ina jin takaici in ga yaro ya ɗaura abin Bature a hannu ya daina sauraren kuncinsa. Ɗan ƙanwata da kansa ya ce ya ji ruwa na bugunsa ta inda bai kamata ba, amma ya ce a ransa na'ura ta fi shi sani.

Injin kuwa mun same shi washegari, da tsohuwar hanya. Muka kafa anga mai nauyi a gindin jarka, muka ɗaura wa yaron igiya, ya riƙa zagayawa da ita a miƙe, duk zagaye ɗaya a ƙara masa gaba guda, ni ina sama riƙe da wata igiyar muna magana da fizga: ɗaya lafiya, biyu na samu, huɗu ku jawo ni. A zagaye na biyar igiyar ta sarƙe da wani abu. Wani abin dariya, a nan kamfas ya yi rana. Da ya bi igiyar ya kai hannu kusa, sai ya ga allurar ta haukace, domin a kan injin jirgi akwai mayen ƙarfe masu ƙarfi a cikin faifan da ke ba shi wuta. Tun kafin ya gama lalube ya san inji ne, ba kututture ba. Mai shinkafa ya ba shi buhu guda, ya ba ni goro.

Roƙona ta bakin jaridarka ga duk mai niyyar taimakon masu nutso, a Yauri ne, ko Ngaski, ko Shanga, ko Bagudo, ko 'yan uwanmu na Argungu: in kuɗin tukunya goma kuka tanada, ku sayi tara, ku biya wanda ya san aikin ya zauna da yaran kwana biyu a bakin ruwa. Ku tambayi mai sayarwa yankin da aka auna kamfas ɗin dominsa, in ya yi shiru ku nemi wani. Ku zaɓi tocila mai murɗawa a kan mai zamewa. Ku haɗa da igiya mai kyau ko da mita 100 ce, don na lura ita ce ba a taɓa kawowa, ƙila saboda ba ta kyau a hoto. A kuma sa wani ya rubuta bayanin kayan da Hausa, boko da ajami, a takarda ɗaya da aka lulluɓe da roba, a liƙa cikin akwatin. Da yawan gwanayen ruwanmu allo suka yi, ajami suke karantawa.

Ƙanwata har yau ba ta san labarin tarun ba, mun haɗa baki da yaron a kan cewa jan ruwa ne ya ɗan wahalar da shi. Ba ta karanta jarida, amma mijinta na karantawa, don haka ina roƙon ka sakaya sunana. Wanda ke da kamfas yana shakkarsa ya zo bakin ruwan Yelwa da hantsi ya tambayi tsohon da ke gwada allura a kan yashi, yaran kwalekwale za su nuna masa ni. Ya zo da duk kayansa, har da wuƙar da bel ɗin.

Wassalam.

Naka,
Wani tsohon mai nutso,
Yelwan Yauri, Jihar Kebbi.